Nazarin Lamari: Kwamfutar Wasa Da Ta Daina Nuna Hoto Bayan An Kunna Secure Boot

Kwamfutar da wannan nazari ya shafa ta tebur ce, irin wadda ake harhaɗawa musamman domin wasanni, kuma an kawo ta wurin gyara da bayanin cewa katin hotonta ya ƙone. Idan aka danna maɓallin kunnawa fankoki suna juyawa, fitilun cikin akwatin suna haske, amma monita tana nan baƙa wuluk, ko tambarin kamfanin modabod da ke bayyana a daƙiƙun farko ba ya fitowa. Mai ita matashi ne ɗan jami'a da ya saye ta a haɗe daga wani shago, kuma kafin ya iso har ya fara tambayar farashin wani katin a kasuwa. Bincike ya nuna babu abin da ya ƙone. Matsaloli uku ne suka hau kan juna, kowacce tana rufe ta ƙarƙashinta, kuma da ba a taɓa wani saiti a cikin BIOS ba, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, da suna nan kwance babu wanda ya san da su.

Kayan da ke cikinta su ne furosesa Ryzen 5 3600 na kamfanin AMD, modabod mai cif ɗin B450, RAM gigabait 16, katin hoto Radeon RX 580 mai gigabait 8 wanda aka sayo na hannu, faifan SSD mai gigabait 512 da Windows 11 a kansa, da kuma wani faifan ajiya mai terabait 1. Abu biyu a cikin wannan jeri suna da tasiri a kan duk abin da ya biyo baya. Ryzen 5 3600 ba shi da sashen hoto a cikinsa, saboda haka ramin HDMI da ke bayan modabod ba zai ba da komai ba idan kati ya ƙi aiki. Shi kuma RX 580, wanda ya fito a 2017, yana cikin katunan da masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum, wato masu samar da shi da ƙarfin lissafin katunan hoto, suka fi rububi a kansu har zuwa watan Satumba na 2022, lokacin da Ethereum ya daina dogaro da haƙa, katunan suka kwararo kasuwar kayan hannu a kan farashi mai sauƙi.

Yadda abin ya faro shi ne matashin ya sauke wasan Valorant na kamfanin Riot Games, amma da ya buɗe shi sai manhajar hana maguɗi ta wasan, wato Vanguard, ta tsayar da shi da saƙon kuskure mai lamba VAN 9001, wanda ke cewa sai an kunna TPM 2.0, wato sashen tsaro da ke adana makullan sirri na kwamfuta, da Secure Boot kafin a yi wasa. Ya nemo wani gajeren bidiyo a intanet, ya bi shi daki-daki: ya danna Del ya shiga BIOS, ya kashe CSM, ya kunna Secure Boot, ya danna F10 ya adana. Daga nan bai sake ganin hoto ba. "Malam, ai abu biyu kawai na taɓa," in ji shi, kuma gaskiya ya faɗa. Bidiyon ma bai yi ƙarya ba, sai dai an ɗauke shi ne a kan kwamfutar da duk sauran sharuɗɗanta sun riga sun cika.

Abin da ake kunnawa idan an kunna Secure Boot

Kafin Windows ya tashi, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a cikin modabod wadda take fara farkawa, ta duba RAM da furosesa, ta tayar da katin hoto, sannan ta nemo faifan da za ta miƙa wa ragama. Kowa BIOS yake ce mata har yau, ko da yake a kwamfutocin yanzu tsarin UEFI ne ke wannan aiki. Secure Boot ya shigo ƙa'idar UEFI ne a sigar 2.3.1, ya kuma yaɗu daga 2012, lokacin da Microsoft ya sanya shi cikin sharuɗɗan sabbin kwamfutoci masu tambarin Windows 8. Aikinsa shi ne ya hana kowace manhaja gudana a wannan mataki na farko sai tana ɗauke da sa hannun dijital da modabod ya amince da shi. Wannan ya haɗa da manhajar da ke tayar da Windows, kuma, abin da yawancin mutane ba su sani ba, ya haɗa da ƙaramar manhajar da ke cikin katin hoto, wadda ake kira GOP, wadda ita ce ke kawo hoto a monita tun kafin direban Windows ya loda.

Amincewar tana rataye ne a kan ma'aji huɗu. Akwai PK, babban makullin da kamfanin modabod yake sanyawa. Akwai KEK, makullan da aka ba izinin sauya jerin amintattu. Sai db, jerin takardun shaida da aka yarda da sa hannunsu, da dbx, jerin waɗanda aka soke. Shi kuwa CSM wani ɓangare ne na UEFI da ke kwaikwayon tsohon BIOS domin tsofaffin faifai da tsofaffin katuna su ci gaba da aiki, kuma tun da tsohuwar hanyar ba ta san duba sa hannu ba, CSM da Secure Boot ba sa zama tare.

Dalilin da ya sa wasanni suka shigo cikin wannan magana a bayyane yake. Vanguard yana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, yana tashi tare da kwamfuta, kuma masu ƙera manhajar maguɗi sun gano cewa idan tasu ta riga shi tashi, za ta iya ɓuya daga gare shi. Secure Boot yana toshe wannan ƙofa. Ba Riot kaɗai ba ne a kan wannan hanya: Battlefield 6, wanda ya fito ranar 10 ga Oktoba 2025, da Call of Duty: Black Ops 7, wanda ya fito a watan Nuwamba na shekarar, dukkansu suna neman Secure Boot. Shi ya sa da matashin ya kawo shawarar a mayar masa da Windows 10 a huta, ban goyi baya ba. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma sabbin wasannin suna neman saitin ko a kan Windows 10 ne.

Dawo da hoto, da abin da baƙar monita ta nuna

Matakin farko shi ne mayar da BIOS kan saitinsa na asali. Aka zare wayar wuta daga bango, aka riƙe maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wuta ta fita, sannan aka nemi batirin CR2032, ƙaramin batirin da ke riƙe saitin BIOS a ma'ajin da ake kira CMOS. A wannan modabod batirin yana ƙarƙashin katin hoto ne, sai da aka kwance katin aka ciro shi tukuna. Bayan an cire batirin aka haɗa filoli biyu na goge CMOS da bakin sukudireba na wasu daƙiƙu, aka mayar da komai. Da aka kunna, tambarin modabod ya fito, Windows ya tashi lafiya lau, domin saitin asali na wannan tsohon BIOS yana barin CSM a kunne. A nan aka tabbatar katin bai ƙone ba.

A wannan gaɓar ne ake bukatar a dakata a yi tunani maimakon a koma a sake gwada abin da ya kawo matsalar. Idan faifai ne kaɗai bai dace da UEFI ba, alamar da ake gani daban ce: tambari yana fitowa, sannan kwamfuta ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, ko kuma ta dinga komawa cikin BIOS da kanta. A kowane hali akwai hoto. Rashin hoto tun daga daƙiƙar farko yana nufin an gaza ne kafin a kai ga faifai, wato a wajen tayar da katin hoto. Saboda haka tun kafin a buɗe komai a Windows, an riga an san cewa katin yana da nasa laifin daban, ko da kuwa an samu wani laifin a faifai.

An kuwa same shi. Da aka buɗe msinfo32, shafin bayanan kwamfuta na Windows, layin BIOS Mode ya nuna Legacy, layin Secure Boot State kuma ya nuna Unsupported. Da aka buɗe tpm.msc, ya ce bai ga TPM ba. Da aka duba faifan SSD a Disk Management, tsarin rabonsa MBR ne, wato tsohon tsarin da ke tafiya da tsohon BIOS, ba GPT da UEFI ke bukata ba. Windows 11, wanda ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, bai kamata ya zauna a kan irin wannan tsari ba, tun da sharuɗɗansa sun haɗa da UEFI da TPM 2.0. Abin da ya faru shi ne wanda ya ɗora shi ya haɗa filashinsa da zaɓin tsallake waɗannan sharuɗɗa, irin wanda manhajar Rufus take bayarwa domin tsofaffin kwamfutoci. Zaɓin yana da amfani a inda ya dace, amma a nan bai dace ba ko kaɗan, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici a lamarin. Ryzen 5 3600 yana cikin jerin furosesocin da Windows 11 ya amince da su, yana da TPM ɗinsa a ciki, modabod ɗin ma yana da UEFI cikakke. Minti biyar a cikin BIOS ranar da aka haɗa kwamfutar sun isa a yi aikin yadda ya kamata, kuma da an yi hakan, da laifin katin ya fito tun a shago, kafin mai saye ya biya kuɗinsa.

Katin da aka taɓa cikinsa

Domin a raba laifin kati da na modabod, aka sa wani katin da aka san lafiyarsa, aka kashe CSM, aka kunna. Hoto ya fito nan take. Aka mayar da CSM, aka dawo da RX 580, aka buɗe manhajar GPU-Z. Ta nuna ƙananan sassan lissafin hoto (shaders) 2304, wanda ya kawar da zargin farko, domin akwai katunan da ake sayarwa da sunan RX 580 alhali masu 2048 ne, ƙarfinsu bai kai na ainihin ba. Wannan na gaske ne. Amma gudun RAM ɗinsa ya haura 2000 MHz da aka san shi da shi, gudun cif ɗin kuma ya yi ƙasa da abin da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta. Wannan tsari na masu haƙa ne sak: haƙar Ethereum RAM take ci, saboda haka sukan ɗaga gudunsa, su rage na cif domin a rage wuta da zafi, sannan su rubuta saitin a cikin BIOS ɗin katin kansa domin ya zauna ko a wace kwamfuta aka sa shi.

BIOS ɗin irin wannan kati kashi biyu ne a haɗe, akwai tsohon kashi da CSM ke amfani da shi, akwai kuma kashin GOP da UEFI ke amfani da shi. Masu haƙa tsohon kashin suke gyarawa, kuma da zarar an taɓa shi, binciken sahihanci da ke tsakanin kashin biyu ya lalace, GOP ya ƙi tashi. Muddin CSM yana kunne babu wanda zai lura, wasanni za su yi ta gudana shekara da shekaru. Ranar da aka kashe CSM kuwa, babu sauran wanda zai kawo hoto. Wasu sukan maye gurbin GOP ɗin da wani da aka yi wa kwaskwarima domin katin ya yi aiki ba tare da CSM ba, amma wannan ma tsugune ba ta ƙare ba, domin wanda aka yi wa kwaskwarimar ba shi da ingantaccen sa hannu, Secure Boot zai ƙi shi. Irin wannan katin ya fi rikitarwa, saboda yakan wuce gwajin farko sannan ya faɗi a na ƙarshe. Kada kuma a dogara da akwatin UEFI da GPU-Z ke nunawa da alamar maki, domin abin da yake faɗa kawai shi ne akwai GOP a ciki, ba ya faɗin ko zai yi aiki.

Maganin da aka saba yi shi ne a sake rubuta wa katin BIOS ɗinsa na asali da manhajar AMDVBFlash, bayan an nemo wanda ya dace da shi a ma'ajiyar TechPowerUp. Aiki ne mai bukatar natsuwa, domin ba sunan katin kaɗai ake dubawa ba, har da kamfanin da ya yi RAM ɗin da ke kansa, ko Samsung ne ko Hynix ko Micron, kuma dole a adana tsohon kafin a rubuta sabo. A wannan karon ba a kai ga haka ba. Lokacin da aka ciro katin domin isa ga batiri, an lura da wani ɗan ƙaramin makunni a gefensa na sama, kusa da ƙarfen da ake ɗaure shi da shi, ƙura ta kusa rufe shi. Katin mai BIOS biyu ne. Aka kashe wuta gaba ɗaya, aka tura makunnin ɗaya gefen da bakin tsinken sakace, aka kunna. GPU-Z ya nuna 2000 MHz da lambobin kamfani daidai. Wanda ya yi haƙa da shi gefe ɗaya ya rubuta, ya bar ɗayan yadda ya zo. Aka kashe CSM domin gwaji, tambarin modabod ya fito sarai, sannan kwamfutar ta koma cikin BIOS da kanta saboda ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Wannan ita ce alamar da ake jira, laifi na biyu ya fito shi kaɗai.

Kafin a taɓa faifai, an sabunta BIOS ɗin modabod. An sa shi a nan ne saboda sabuntawa tana goge saituttuka, ba amfanin a gyara su sannan a goge. Akwai kuma wani dalilin: a watan Maris na 2022 AMD ya bayyana cewa TPM ɗin cikin furosesa, wanda yake kira fTPM, yana jawo sarƙewar hoto da sauti na ɗan lokaci a wasu kwamfutocin Ryzen, kuma gyaran ya zo ne a BIOS masu ɗauke da AGESA, manhajar AMD da ke cikin BIOS, siga 1.2.0.7 zuwa sama. Wanda ke kan wannan modabod ya girmi gyaran, kuma ba a kunna wa mai wasan harbi fTPM a kan tsohon BIOS. An yi sabuntawar a kan inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya kashe modabod. Bayan haka aka kunna fTPM, tpm.msc ya nuna siga 2.0.

Faifai

Hanya biyu ce a gaba. Ko a goge SSD a ɗora Windows sabo a tsarin GPT, ko a juya wanda ke nan ba tare da an rasa komai ba. Ta farko ta fi tsafta, kuma da kwamfutar sabuwa ce ita zan zaɓa. Amma akwai wasanni na gigabait masu yawa a kai da ayyukan makaranta, kuma duk wanda yake sayen data da kuɗinsa ya san abin da sake sauke su yake nufi. Aka zaɓi ta biyu, da manhajar mbr2gpt da Microsoft ya saka a Windows tun sigar 1703 ta Windows 10. Juyin ba ya komawa baya, saboda haka sai da aka kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai na waje, aka kuma duba da umarnin manage-bde -status cewa BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, ba ya aiki. Wannan dubawar ba ta tsallakuwa a kowace kwamfuta: idan faifai yana kulle da BitLocker aka sauya saitin Secure Boot ko TPM, Windows zai iya tsayawa ya nemi makullin ceto mai lambobi 48, kuma wanda bai adana shi ba ya rasa abin da ke ciki.

Aka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, aka rubuta mbr2gpt /validate /disk:0 /allowFullOS, wanda dubawa kawai yake yi ba ya sauya komai. Ya ƙi, ya ce tsarin faifan bai cika sharaɗi ba. Sharuɗɗan sanannu ne: kada manyan sassa su wuce uku, kuma kada a samu sashen extended ko logical. A Disk Management an ga System Reserved, da C, da sashen ceto, sai kuma D da aka zagaye da koren layi mai duhu. Shagon ya yanki C ya yi wa mai saye D domin wasanni, kuma da yake MBR manyan sassa huɗu kawai yake ɗauka, Windows ya mayar da na huɗun logical a cikin extended da kansa. Aka kwashe abin da ke D zuwa faifan terabait 1, aka goge D, aka goge extended ɗin da ya rage a bayansa, wanda mutane kan manta da shi saboda yana kama da wurin da babu komai. Aka sake dubawa, ta wuce.

Juyin kansa da /convert bai ɗauki lokaci ba. Manhajar ta ɗan rage C, ta ƙirƙiri sashen EFI mai megabait 100, ta zuba fayilolin tashi a ciki, ta rubuta teburin GPT. Ta yi ƙorafin cewa ba ta iya sabunta ReAgent.xml ba, wanda abu ne da yake yawan faruwa, ana gyara shi daga baya da reagentc /disable sannan reagentc /enable. A ƙarshe ta yi gargaɗin cewa sai an mayar da modabod kan UEFI kafin kwamfuta ta tashi. Aka shiga BIOS, aka kashe CSM shi kaɗai, ba a taɓa Secure Boot ba tukuna, aka sa Windows Boot Manager a farkon jeri. Windows ya tashi, msinfo32 ya nuna UEFI. Sauya abu ɗaya a lokaci guda shi ne ya sa kowace matsala ta zo da fuskarta a wannan aiki, saɓanin ranar farko da aka sauya biyu tare. Faifan terabait 1 an bar shi a MBR, domin faifan da Windows ke tashi daga kansa ne kaɗai ake bukatar ya zama GPT.

An kunna, amma bai fara aiki ba

Aka koma BIOS aka sa Secure Boot a kan Enabled, aka adana. Hoto ya fito, Windows ya tashi, amma msinfo32 ya ce Off, wasan kuma ya sake ƙi, wannan karon da VAN 9003, wanda ya keɓanci Secure Boot. Nan ne mutane da yawa suke yanke ƙauna, su ce modabod ɗinsu ne ba ya ɗauka. Idan aka kalli shafin da kyau, a ƙarƙashin Enabled akwai ƙaramin rubutu da ke cewa Not Active, a samansa kuma System Mode yana kan Setup. Ma'anar Setup ita ce babu PK a ciki, ma'ajin makullai fanko ne. Kamar a ce an ajiye mai gadi a ƙofa ba a ba shi sunayen waɗanda zai bari su shiga ba, ga shi nan a zaune amma kowa wucewa yake yi.

Gyaran shi ne a mayar da Secure Boot Mode daga Standard zuwa Custom domin zaɓin makullai ya buɗe, a zaɓi Restore Factory Keys, a amince, a bar kwamfuta ta sake tashi. Sunayen sukan bambanta daga kamfani zuwa kamfani: a modabod na ASUS, misali, ana samun Install Default Secure Boot Keys a ƙarƙashin Key Management, kuma sai an mayar da OS Type daga Other OS zuwa Windows UEFI mode. Da aka dawo, System Mode ya koma User, rubutun ya zama Active. Wannan tashin shi ne gwajin katin na ƙarshe, tun da yanzu ne aka fara duba sa hannun GOP ɗinsa da gaske, kuma ya wuce. A Windows, msinfo32 ya nuna On, umarnin Confirm-SecureBootUEFI a PowerShell ya amsa True, Valorant ya buɗe ba tare da saƙon kuskure ba.

Aikin bai tsaya a buɗewar wasa ba, domin makullan da aka dawo da su ma suna bukatar a san ko su wane ne. A watan Yuli na 2024 kamfanin tsaro na Binarly ya bayyana matsalar da ya kira PKfail, inda aka samu ɗaruruwan samfuran kwamfuta da aka fitar kasuwa da PK na gwaji, mai ɗauke da rubutun DO NOT TRUST a jikinsa, alhali sirrin ɗaya daga cikin irin waɗannan makullai ya riga ya fita. A irin wannan kwamfuta Windows zai ce On, wasa zai buɗe, amma kariyar ba ta da ƙarfi. Aka karanta PK ɗin wannan modabod da Get-SecureBootUEFI, ba a ga rubutun ba. Wasa ba ya damuwa da wannan, amma kwamfutar ba ta wasa ce kaɗai ba, a kanta mai ita yake shiga asusun banki da imel, kuma muguwar manhaja irin BlackLotus, wadda kamfanin ESET ya yi bayaninta a watan Maris na 2023, a daidai wannan mataki na tashi take neman wurin zama.

Ra'ayina game da sharaɗin da kamfanonin wasa suka kafa shi ne manufarsa tana da kyau, wanda ya taɓa wasa da mai maguɗi ya san ɗacin abin. Amma nauyinsa ya fi faɗawa kan masu kayan hannu, waɗanda ba su san tarihin katin da ke cikin akwatinsu ba, kuma saƙon kuskure mai layi biyu yana tura su cikin BIOS ba tare da ya gaya musu cewa akwai abin da za a duba kafin a taɓa CSM ba. Duk mai sayen katin RX 470, 480, 570 ko 580 na hannu yana da haƙƙin ya ce a gwada masa shi a gabansa da CSM a kashe da Secure Boot a kunne, gwajin da ba ya cin minti goma.

Abu biyu aka bari a buɗe lokacin da aka mayar da kwamfutar. Gefen farko na BIOS ɗin katin yana nan da saitin haƙa, ba a sake rubuta shi ba tun da ɗayan yana aiki, sai aka manna ɗan salatif a kan makunnin aka kuma nuna wa mai ita wurin, domin idan aka ture shi wajen share ƙura baƙar monita za ta dawo. Na biyu ya shafi takardun shaidar Microsoft na 2011 da ke cikin KEK da db, waɗanda aka sa ƙarshen wa'adinsu a watan Yuni da watan Oktoba na 2026, ana kuma maye gurbinsu da na 2023. Da aka duba db ba a ga Windows UEFI CA 2023 ba tukuna. Yanzu da Secure Boot yake aiki, Windows Update zai iya shigar da su, saboda haka aka ce masa kada ya dakatar da sabuntawa kamar yadda masu wasa kan yi domin tsimin data. Aka kuma gargaɗe shi cewa bayan Windows ya koma tashi da sabon sa hannun, kada shi ko wani mai gyara ya sake danna Restore Factory Keys sai an tabbatar BIOS ɗin da ke kan modabod yana ɗauke da takardun 2023 a cikin makullansa na asali, domin in ba haka ba kwamfutar za ta iya ƙin amincewa da Windows ɗin da ke kanta.